Abin da Inna Ta Gani a Watan Yaye

A garinmu idan lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro. Haka aka yi wa Abba, ɗan farin ƙanwata, yana da wata 20 ko kusa da haka. Aka kawo shi da ƙullin kayansa da garin kunu da rubutun yaye a 'yar kwalba. A lokacin ina aiki a asibitin sha-ka-tafi na garin, ɓangaren awon yara da rigakafi, gidana da na Inna, mahaifiyarmu, kuma katanga ce kawai tsakani, saboda haka kusan kowace la'asar ina can.

Kowa ya san halin ɗan yaye: kukan dare, ƙin abinci, tsayuwa bakin zaure yana leƙen hanya ko uwa za ta ɓullo. Inna ta shirya wa duk wannan, don ta yaye nata, ta yaye jikoki, ta yaye na maƙwabta. Abba bai yi ko ɗaya ba. Uwarsa ta yafa mayafi ta fita tana share hawaye, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Yana gindin randa ya sami murfin kwano, yana juya shi a kan siminti, ya kwantar da kumatunsa dab da ƙasa yana kallon bakin murfin har ya tsaya, sannan ya sake juyawa. Matan gidan suka yi ta sa masa albarka. Yaro mai haƙuri, ba ƙiwa, ba rigima, Allah ya ba mu irinsa.

Inna ce kaɗai ba ta sa baki a yabon ba. Wata la'asar ina tsince mata shinkafa ta ce, "Ke da kike aikin asibiti, taso ki ga wani abu." Ta tsaya a bayansa ta kira shi. Sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka mu Abba muke cewa, ita kuwa "Mai sunan Malam", in wasan kaka da jika ya motsa ta ce "angona". Duk ta gwada, shiru. Ta tafa hannu, shiru. Sai ta shige ƙuryar ɗaki ta murza ledar biskit a hankali. Kafin ta fito da hannunta daga ledar ya iso gabanta.

"Kin gani?" in ji ta. "Kunnensa ƙalau yake. Mu ne ba ya ji."

Ta ci gaba da lissafa mini abin da ta tara a 'yan kwanakin nan. In yana jin ƙishirwa ba ya nuni, ba ya kallon fuskarta. Wuyan hannunta yake kamawa ya ja ta har randa ya ɗora hannun a kan moɗa, idonsa na kan moɗar. In jirgin sama ya wuce yaran gidan su ruga tsakar gida suna nuni suna ihu, kowa na waiwayo ya ga ko babba ya gani, shi yana nan inda yake. Bai taɓa tsinto wani abu ya kawo mata don kawai ta gani ba. Idan aka kunna injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunne da tafin hannu ya yi ta tsalle a kan yatsun ƙafa. Da na tambayi ƙanwata sai ta ce ai da yana cewa "Baba", yana cewa "zo", yana ɗaga hannu in uban zai fita kasuwa. Wajen shekara ɗaya da rabi abin ya riƙa raguwa har ya ɗauke, ba ta ma san ranar da ya faɗi kalmar ƙarshe ba.

Da magana ta fita, kowa ya zo da nasa bayanin. Ƙanwata tana da ƙaramin ciki a lokacin, sai aka ce ya sha ciki ne. Dangin uban suka ce namiji ba ya saurin baki, ubansa ma sai da ya shekara 3. Aka kira wanzami ya duba ya ce linzami ne, ya sa aska ƙarƙashin harshen yaron, kwana biyu bai iya shan kunu ba. Aka shiga rubutu da tofi, wanda ni ban taɓa ƙi ba, har gobe muna yi masa addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hayaƙi. Wani mai magani ya ce iska ce, aka lulluɓe yaron da bargo a kan kasko, yana tari yana fizge-fizge, ana cewa mutanen ne ke gardama. Akuya guda ta tafi a wannan hanyar. Daga nan tambaya ta koma kan uwar: ba ta fita da magariba ba tana da cikinsa? Ba ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla ba? Wata tsohuwa a dangin mijin ta kalle shi a wurin suna ta ce a dai bincika, kada ya zama ɗan ruwa ne. Daren nan ƙanwata ta kwana a ɗakina. Ta ce, "Yaya, in sun ce a kai shi bakin rafi fa?" Na ce muddin ni da Inna muna numfashi babu mai taɓa shi.

Ni ma ban tsira ba. Wani ƙanin mijin ya ce allurar da muke tsira wa yara ce ta jawo. Wannan zance ya sami wurin zama a ƙasar Kano tun 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna har zuwa tsakiyar 2004, kuma ya haɗu da wani da ya taso daga Ingila. A 1998 wani likita mai suna Andrew Wakefield ya buga rubutu a mujallar Lancet yana danganta rigakafin ƙyanda da otizim, lalurar da daga baya aka gano Abba na da ita. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya, manyan binciken da aka yi bayansa ba su sami wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne alamomin suna bayyana a shekarun da ake allura, a shekarun da ake yaye, a shekarun da ake samun ƙani. Duk abin da ya faru kusa da lokacin shi ake kamawa.

Na ɗauko katin awon Abba na duba. Cike yake, ba gurbi ko ɗaya: ta haihuwa, ta sati 6, ta sati 10, ta sati 14, ta wata 9. Nauyinsa na kan layi, tef ɗin damtse kore. A idon katin nan yaron lafiyarsa ƙalau. Katin ba ya tambaya ko yaro na amsa kira, ko yana nuni. Kuma a wancan lokaci daga allurar ƙyanda ta wata 9 mun yi sallama da yaro ke nan, sai in zazzaɓi ko gudawa sun dawo mana da shi. Daga baya aka ƙara ta biyu a wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa cewa ta yi a tantance kowane yaro a wata 18, a sake a wata 24. Wato daidai watannin da ya kamata a zuba wa yaro ido, a nan ne tsarinmu ya daina ganinsa. Sai ya shekara 5 ko 6, an kai shi makarantar allo ya ƙi zama, a ce ashe bebe ne, ko a ce taɓin hankali.

Inna ce ta matsa aka tafi birni. Ta samu surukin nata ta ce, "Malam, an yi na gida an gama. A bar ni in kai shi inda za a duba." Bai iya musa mata ba. Muka fita bayan asuba, ni da ita da ƙanwata, Abba a bayan Inna da murfinsa a hannu. Aka fara da kunne, kuma haka ya dace, domin a ƙasar nan sanƙarau da shawarar jarirai da zazzaɓi mai tsanani suna kurumtar da yara da yawa, yaron da ba ya ji kuwa ba zai amsa kira ba, ba zai yi magana ba. Gwaji ya nuna abin da Inna ta riga ta faɗa. Aka tura mu wurin likitar yara, wata matashiya mai sanyin murya.

Ta ciro takarda guda mai tambayoyi 20, amsar kowace e ko a'a. Daga baya na san sunanta M-CHAT-R, wasu masana a Amurka ne suka tsara ta, Diana Robins da abokan aikinta, don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Da Turanci take, likitar tana karantawa tana juyawa da Hausa. Ta dubi ƙanwata ta ce, "In kin kira sunansa yana waiwayowa?" Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ɗan fari ne, ga kuma sunan mahaifinta, ga mahaifiyarta zaune. Ba ta taɓa kiran sunan ba, "kai" take cewa ko "yaron nan". Likitar ta gane nan take, ta juya kujerarta ta fuskanci Inna. "Hajiya, ke zan tambaya."

Daga nan hira ta koma tsakaninsu, ni ina gefe ina koyon aiki. Da aka zo kan kallon ido Inna ta ce, "'Yar nan, mu ai ba ma son yaro ya tsare babba da ido." Likitar ta ce wannan tarbiyya ce da ake koya wa wanda ya yi wayo, ita tana nufin lokacin da ake ba shi kunu ko ake masa wanka, ko yakan ɗago ya nemi fuskar mai yi masa. Inna ta yi shiru ta ce a'a. Da aka zo kan wasan kwaikwayo da 'yar tsana ko motar roba, ƙanwata ta ce ai ba a saya masa irin waɗannan ba. Likitar ta ce to yana tuwon ƙasa? Yana kara silifa a kunne ya ce waya ce? Yana goya tsumma, ko ya tsaya bayan ubansa yana kwaikwayon ruku'u? Babu ko ɗaya. Inda takardar ta ambaci ƙarar na'urar share ɗaki, ita injin markaɗe da janareta ta tambaya. Sannan ta tashi da kanta ta nuna fanka da yatsa tana kiran hankalinsa. Bai bi yatsan ba.

Ta yi mana bayanin makin. Daga 0 zuwa 2 ba abin damuwa, daga 3 zuwa 7 a ƙara zurfafa tambaya, daga 8 zuwa sama a tura yaro wurin ƙwararru ba jira. Na Abba ya haye 8. Ta nanata cewa takardar nan ba ita ke yanke hukunci ba, aikinta kawai ta ware wanda ya kamata a duba da kyau. Hukuncin ya zo ne bayan wasu makonni, daga likitan ƙwaƙwalwa mai kula da yara, wanda ya zauna a ƙasa da Abba ya daɗe yana kallon wasansa, ya kuma bi tarihinsa tun daga ciki. Ya ce otizim ne, abin da gidajen rediyo kan kira galahanga.

Inna ta ce, "Likita, laifin wa?" Ya ce ba laifin kowa. Yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne tun yaro na ciki, gado na da babban kaso a ciki, kuma ya fi yawa ga maza, kusan ninki 4. Ba nono ba ne, ba yaye ba ne, ba allura ba ce. Ya ce ana samunsa a kowace ƙasa da kowace al'umma. Ta ce, "To maganin fa?" Ya ce babu ƙwaya ko allurar da ke cire shi, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinku yake so. Akwai magani in farfaɗiya ta shigo, domin takan haɗu da shi, a sa ido. Abin da ke aiki shi ne koyarwa, kuma gara a fara tun ƙwaƙwalwa na ɗanya. Na kalli ƙanwata na ga kafaɗunta sun sauka. Wata da watanni ana nuna ta da baki, ranar ce aka fara cewa a gaban mahaifiyarta ba ita ba ce.

Masu koyar da magana 'yan kaɗan ne, a manyan birane suke, kuɗin zama guda ya fi ƙarfin mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye. Abin da muka samu shi ne 'yan darussa da wata ma'aikaciya ta nuna mana. A zauna ƙasa daidai tsayinsa, fuska da fuska. A shiga wasan da yake yi maimakon a ƙwace. A taƙaita magana, kalma ɗaya ko biyu. A ɗaga moɗa inda yake gani amma hannunsa bai kai ba, a jira, kada a yi saurin ba shi. Inna ta ɗauki abin nan da gaske fiye da kowa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta nemo nata murfin ta baje a siminti kusa da shi, in ya juya ta juya, in nasa ya faɗi ta ce "Faɗi!" Aka daɗe ana haka ba alamar ya san tana wurin. Rannan ta riƙe nata murfin a sama ta ƙi saki. Ya jira, ya jira, sai ya ɗago ya dube ta cikin ido. Ta saki. Da na shigo da yamma ta ce, "Angona ya kalle ni yau," muryarta na rawa. Shekaru bayan haka na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin horar da iyaye mai zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. Da na karanta, yawancinsa abin da Inna ke yi ne a gindin randa.

A wurin aiki na sake yadda nake kallon layi. Na lura cewa ɗan shekara 2 da muke cewa ba ma gani, ashe yana zuwa. Shi ne wanda ke riƙe da zanin uwa ranar da ta kawo jaririn baya awo. Kowa idonsa na kan wanda ke sikeli, babu mai kula na tsaye. Sai na fara, ina cika kati ina tambayar sunan yayan, in kira shi, in nuna masa hoton da ke bango in ga ko zai bi yatsana ya dawo ya kalle ni. In na ga abin da bai kwanta mini ba, in tambayi uwar ko yana nuni, ko yana kawo mata abu ta gani, ko akwai kalmar da ya sani ya daina. In ɗan fari ne in ce ta zo mini da kakarsa ko wadda ke renonsa. Duka bai fi minti 3 ba.

Ba duk wanda na tura ne ya zama otizim ba. Wata yarinya ashe sanƙarau ne ya tafi da jinta, aka gane da wuri. Wani yaro tamowa ce ta kwantar da shi, da ya samu abinci ya murmure baki ya buɗe. Akwai kuma waɗanda suka fi ƙarfina. Wata mata ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Malama, kuɗin motar ma fa?" Wata ta ce sai ta tambayi maigida, ban sake ganinta ba. A wani zagayen rigakafi gida-gida na tarar da yaro ɗan shekara 6 an ɗaure ƙafarsa da tsumma a jikin turke. Uwar ba muguwa ba ce. Sau biyu yana ficewa ana tsinto shi bakin titi, ga rijiya a tsakar gida ba murfi, ita kaɗai ce da yara 5 da surfe. Ta ce tun yana goye ta san ba kamar sauran yake ba, amma ba wanda ya taɓa tambayarta.

Na sha jin abokan aiki na cewa mene ne amfanin gano abin da ba mu da wurin kai shi. Ban raina maganar ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi alkawarin ilimi da kula da lafiya, amma a ƙauyukan da na yi aiki ban ga ajin da aka tanada wa irin su Abba ba. Duk da haka na ga abin da ganowar ta yi a gidanmu. Aska ta tsaya, hayaƙi ya tsaya, sauran awakin suka tsira. Auren ƙanwata da ya fara girgiza ya zauna. Uban, mutum mai kawaici, ya bar jin kunyar fita da ɗansa, har ya samu malamin Islamiyya ya roƙe shi ya bar yaron ya zauna a baya kusa da ƙofa, in hayaniya ta yi yawa ya fita ya dawo.

Abba yanzu ya tasa. Yana magana gajeru-gajeru, yana neman abin da yake so da baki, ƙananan surori kuwa in ya ji sau ɗaya ya riƙe har da irin muryar malamin. Har yau ba ya tsallaka titi shi kaɗai, ranar biki ɗaki yake shigewa, kuma ba mu san iya inda zai kai ba. Likita ya gargaɗe mu cewa ƙanin mai wannan lalura ya fi sauran yara yiwuwar samunta, kusan 1 cikin 5, don haka muka zuba wa ƙanwarsa ido tun tana zama. Ita kam kafin ta yi tafiya ta fara nuna kaji tana waiwayen uwarta.

A fom ɗin rahoton wata da muke aikawa ƙaramar hukuma babu gurbin da za a rubuta irin waɗannan yara, saboda haka a littafin rubutu na 'yan makaranta nake ajiye su: unguwa, shekaru, abin da na gani, inda na tura. Da aka yi mini canjin wurin aiki na miƙa littafin ga yarinyar da ta gaje ni, muka zauna na nuna mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka gwada a kan yaran layin ranar. Na sa alama a gaban waɗanda har lokacin ba su kai ga likita ba, su ne suka fi yawa, na ce ta fara da gidan mai rijiyar nan.